Akwatin lasifika mai taya da batir: ya isa a fita bishara da shi a hutun damina?

Da zarar makarantu sun rufe a ƙarshen Yuli, zumuntar matasa a ikilisiyoyin Gombe, Billiri da Kaltungo sukan shiga shirin fita ƙauyuka. Mako ɗaya ko biyu ake yi: makarantar hutu ta yara da safe, ziyara gida-gida da la'asar idan mutane sun dawo daga gona, wa'azi da majigi da dare. Aikin ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun 1917 mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka zauna a Kaltungo, EMS kuma, reshen ECWA mai aika masu bishara, tun 1948 take kan aiki. Kayan da ake ɗauka ne suka sauya. A 'yan shekarun nan da wuya ka ga kwamitin fita da bai sa akwatin lasifika mai taya a farkon jerin sayayyarsa ba, wannan baƙin akwatin mai hannu irin na jakar tafiya, da fitilu masu walƙiya a gaba, da makirfo biyu marasa waya. Shi muka duba, musamman wanda faɗin lasifikarsa inci 15 ne, don shi aka fi saye.

Ba mu kama sunan kamfani ba, domin sunan ba ya gaya maka komai. A babbar kasuwar Gombe za ka tarar da akwatuna masu sunaye daban-daban, amma idan aka kwance bayansu kusan kaya ɗaya ne a ciki: ƙaramin allon amfilifaya, allon Bluetooth da ramin filash, mai karɓar makirfo, sai batir mai bolt 12 ɗaure a ƙasa. 'Yan kasuwa ne ke odarsu daga Sin, kowa ya buga sunansa a jiki. Hukuncinmu a taƙaice: akwati ne mai amfani, ya cancanci a saye shi, amma ikilisiyar da ta tura matasa ƙauyen da babu wuta da shi kaɗai, babu batir na waje, ta tura su da rabin kayan aiki.

Wajen magana yana yin abin da aka saye shi dominsa. A ɗakin sujada na ƙauye mai ɗaukar mutum ɗari zuwa ɗari da hamsin, ko a ƙarƙashin itacen dalbejiya inda aka zaunar da yara, muryar mai wa'azi tana fita tas ba tare da an kai ƙarar ko rabi ba. Makirfo biyun nan ma sun dace da yankinmu sosai. A ƙauyukan Balanga, Shongom da kan dutsen Tula, ana wa'azi da Hausa amma tsofaffi da yawa sun fi ji da Waja, Tangale, Tula, Cham ko Dadiya, don haka mai wa'azi na riƙe ɗaya, tafinta na riƙe ɗaya, ba sai ana miƙa wa juna ba. Ramin filash da na memori kuwa na ba da damar kunna karatun Littafi Mai Tsarki da aka ɗauka a murya, abin da ke da muhimmanci ga waɗanda ba su iya karatu ba. Yaran makarantar hutu na saurin haddace aya da waƙa idan an kunna musu sau uku ko huɗu. Mutum ɗaya na iya kafa shi cikin minti biyar, ba ya buƙatar fetur, kuma babu ƙarar inji a bayan mai addu'a.

Lambar wat da ke jikin kwali kada a kula ta. Za ka ga an rubuta 2000W, wani ma 5000W. Ƙaramin batirin da ke ciki ba zai iya ba da wannan wutar ko na minti ɗaya ba. Ainihin ƙarfin irin waɗannan akwatuna yakan tsaya tsakanin wat 40 zuwa 80, kuma wannan ya isa ga magana a ɗaki. Idan mai shago ya ce a ƙara kuɗi don wannan "ya fi wat", a nemi ya nuna girman batir da nauyin maganaɗisun lasifikar, can ne bambancin gaskiya yake.

Batirin ne raunin akwatin, kuma a nan ya kamata dattawan ikilisiya su tsaya su yi lissafi kafin a fitar da kuɗin baiko. Yawancinsu na zuwa da batirin dalma rufaffe, 12V 7Ah, wasu 9Ah, masu ɗan tsada 12Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Ninka bolt 12 da 7, ka sami 84, wato wat 84 na awa ɗaya. Irin wannan batir ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, saura 42 ke nan. Akwatin na cin wajen wat 15 idan magana ake yi da matsakaiciyar ƙara, don haka awa uku ma ba za ta cika ba. Idan aka saki kiɗa da ƙarfi, fitilun gaba na walƙiya, cin wutar na iya ninkawa, sai ka ga awa ɗaya da rabi ya fara shaƙewa. Mai 12Ah yakan kai awa huɗu zuwa biyar a magana. Yanzu a ɗora wannan a kan jadawalin yini ɗaya na fita: awa biyu na yara da safe, awa uku na taron dare. Batirin ciki, ko mai 12Ah ne, zai kai ƙarshen ranar farko da ƙyar, rana ta biyu kuwa babu inda za a yi caji. Alamar ƙarewarsa kowa ya san ta: murya ta fara karkarwa idan mai wa'azi ya ɗaga sauti, makirfo ya riƙa yankewa, Bluetooth ya katse da kansa. Mutane sukan ɗauka makirfo ne ya lalace, alhali wutar ce ta yi ƙasa.

Akwai kuma batun batirin bogi. Na gaskiya mai 7Ah yana da nauyin kilo biyu ko sama da haka kaɗan, mai 12Ah kuma wajen kilo uku da rabi. Idan ka ɗaga ka ji shi sakayau, dalmar ciki ba ta kai ba, ko me aka rubuta a jikinsa. Wani kuma na gaskiya ne amma ya shekara a sito ba a taɓa cajinsa ba, ya riga ya mutu rabi kafin ya iso Gombe. A tafi kasuwa da mita. Batirin da ya cika, aka bar shi ya huta awa ɗaya bayan caji, ya kamata ya nuna bolt 12.7 ko kusa da haka. Idan ya nuna 12.1 yana wajen rabi. Ƙasa da 11.8 kuwa ya kusa ƙarewa, sabon akwati bai kamata ya fito daga kwali a haka ba.

Saboda haka abu na farko da za a duba a bayan akwatin, tun kafin a saurari sautinsa, shi ne ko yana da wurin jona batir na waje. Wurare biyu ne masu maɓalli ja da baƙi, an rubuta DC 12V a gefensu. Wanda ba shi da su a bar shi a shago, komai kyansa. Idan akwai su, ga haɗin da ke ɗaukar fita ta mako biyu: batirin sola mai 50Ah, fanel na wat 100, kwanturola (na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel) mai amfiya 10, fiyus mai amfiya 10, da waya mai kaurin 2.5mm, ja da baƙa, kada tsawonta tsakanin batir da akwati ya wuce mita uku. Batirin 50Ah na ɗauke da wat 600 na awa, rabinsa 300. Akwatin zai ci kusan 100 a yini, ƙwayayen fitila uku masu wat 5 za su ci 60 a cikin awa huɗu, cajin wayoyi goma kuma wani 100 ɗin ne. Jimla 260, ya shiga cikin lissafi, amma babu rara mai yawa. Wayoyin ne ke ɓata lissafin, domin da mutanen ƙauye sun ga fanel za su kawo nasu, kuma ba daidai ba ne baƙon da ya zo da bishara ya hana mai masaukinsa caji. A tsara shi tun farko: cajin waya daga ƙarfe goma na safe zuwa biyu na rana kawai, lokacin da fanel ke bayarwa, da la'asar a cire komai a bar batir ya cika domin dare. Idan kuɗi ya isa, batirin 100Ah ya fi kwanciyar hankali, sai dai nauyinsa ya kai kilo 30, ɗaukarsa a babur kan hanyar dutse ba wasa ba ne.

A tuna cewa Agusta ne. Fanel ɗin wat 100 da zai ba da kusan 400 a yinin rani yana iya ba da rabin haka ko ƙasa idan hadari ya rufe gari tun safe. Don haka a bar gida da batura biyun cike, a kafa fanel inda inuwar bukka ko ta masara ba za ta faɗa masa ba, a goge shi kowace safiya. Wajen jonawa, batir ake fara haɗawa da kwanturola, sannan fanel. Wajen cirewa kuma fanel ake fara cirewa. Fiyus na zama a kan jar waya kusa da kan batir. Kada a haɗa fanel kai tsaye da akwatin, domin fanel na fitar da bolt 18 zuwa sama. Kuskuren da ya fi ƙona waɗannan akwatuna shi ne juya waya cikin duhu, ja ta tafi wurin baƙa. Da yawa ba su da kariya daga wannan, daƙiƙa ɗaya ta isa allon ya yi hayaƙi. A naɗa jan salatif a kan wayar da wurin shigarta, a yi haɗin tun da sauran haske, kuma mutum ɗaya tak ya riƙa yi.

Ga masu caji da ƙaramin janareta, a tayar da injin ya daidaita tukuna kafin a soka caja, a zare cajar kafin a kashe shi. Hawa da saukar wuta lokacin da mai ke ƙarewa ne ke kashe cajar akwatin. Cikakken caji na ɗaukar awa shida zuwa takwas, wanda ke nufin kona fetur mai yawa domin ƙaramin batir. Shi ya sa sola ta fi dacewa da wannan aikin.

Makirfon da ke zuwa da shi matsakaita ne. Kwali zai ce suna kaiwa mita 50 ko fiye, amma idan jama'a sun cika tsakanin mai magana da akwatin, a yi tsammanin mita 15 zuwa 20 kafin ya fara yankewa. Kowanne na cin batir AA biyu. Batirin alkalin mai kyau na ɗaukar awa biyar zuwa shida, irin na araha da ake sa wa tocila kuwa wani lokaci ba ya gama wa'azi ɗaya. Fita ta kwana goma da makirfo biyu na buƙatar alkalin wajen arba'in, ko kuma masu caji guda takwas da cajarsu, huɗu na aiki huɗu na caji. Batura masu caji bolt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, don haka wasu makirfon kan nuna jar fitila da wuri ko da akwai sauran wuta. A gwada tun a gida. A buɗe murfin batirin makirfon a karanta lambar tashar da aka buga a ciki. Masu VHF yawanci tasha ɗaya ce kafaffiya. Idan ƙungiyoyi biyu suka haɗu a taron gunduma da akwatuna masu lamba ɗaya, muryar wannan za ta riƙa fita a akwatin wancan, kuma babu gyara sai ɗaya ya kashe nasa. Masu UHF da ake iya sauya musu tasha sun fi tsada, amma sun cancanci ƙarin. Ko wanne aka saya, a haɗa da makirfo ɗaya mai waya, mai tsawon mita biyar zuwa goma da babban jak. Ba ya cin batir, ba ya yankewa, shi ne ke ceton taro.

Kukan lasifika, wannan tsuwwar da ke sa yara toshe kunne, ba laifin akwatin ba ne galibi, wurin ajiye shi ne. Ana ajiye shi a ƙasa a bayan mai wa'azi, sautin ya fito ya koma cikin makirfo. A sa shi a gaban mai magana, ta gefe, nisan mita biyu ko uku, fuskarsa na kallon jama'a. A ɗaga shi sama da kawunan mutane. A duba ƙasansa, masu kyau na da ramin sanda mai faɗin milimita 35, a sayi ƙafar ɗora shi. Idan babu, tebur da benci a kai ma sun yi. Akwatin da ke ƙasa sahun gaba yake kurmantawa, jikin mutane ya shanye sautin, na baya su ji gunaguni kawai. Maɓallin eko a mayar da shi sifili lokacin wa'azi da karatun Littafi. Matasa na son eko don yana ƙawata waƙa, amma yana haɗa kalmomi su cakuɗe, tsohuwar da Hausa ba harshenta na farko ba ce sai ta rasa rabin saƙon. A rage bes, a ɗan ƙara tirebul. Mai magana ya riƙe makirfo yatsa biyu ko uku daga baki, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu, domin rufe ramukan bayan kan ne ke jawo kukan.

Inda akwatin ya gaza shi ne fili. A waje babu bango da zai mayar da sauti, duk lokacin da nisa ya ninka sautin na raguwa da desibel 6, ga iskar damina na kwashe shi. Taron majigi da ya tara ƙauyuka biyu ko uku a filin firamare ya fi ƙarfinsa. A nan tsohon haɗin nan har yanzu ba shi da na biyu: amfilifaya mai aiki da batirin mota, irin ta Ahuja da masu shela suka daɗe suna amfani da ita, da lasifikar ƙaho biyu a kan gora mai tsawon mita huɗu. Ƙaho biyu masu om 16 idan aka haɗa wayoyinsu gefe da gefe, ja da ja, baƙa da baƙa, suna komawa om 8, sai a jona a wurin da aka rubuta 8. Kiɗa ba ya daɗi a ƙaho, amma magana na kaiwa nesa da ɗan wuta kaɗan. Haka kuma akwatin ba zai maye gurbin kayan sautin sujadar Lahadi a babbar majami'a ba. Yana da ramin jita ɗaya, idan aka cusa masa kibod, jita da mawaƙa uku ta ƙaramar miksa, sai sautin ya dagule, batir ya ƙare kafin a kai ga baiko. Zumuntar Mata kuwa, da gangarsu da tulu da kacau-kacau, ba sa buƙatar a sa wa kiɗan makirfo ko kaɗan; a bai wa mai bayar da waƙa ɗaya, amshi zai ɗauki kansa. Idan ruwa mai ƙarfi ya sauko kan rufin kwano marar silin, ƙara sauti ba ya magani, gara a shiga waƙa har ya lafa.

Ƙarfin sauti na da alaƙa da zaman lafiya da maƙwabta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a jiharmu. Yawancin ƙauyukan da ake zuwa Kirista da Musulmi ne ke zaune tare, wani lokaci a gida ɗaya. Kafin a kunna komai, shugaban tafiya da faston wurin su je su gaida mai unguwa ko dagaci, su faɗi ranaku da lokutan taro. A juya fuskar lasifika ga jama'ar da suka taru, ba ga gidajen mutane ko masallaci ba, a sauke sauti lokacin kiran sallar Magariba da Isha'i, a rufe taro da wuri domin manoma ne, da asuba za su fita. Ta wannan fuskar ƙarancin ƙarfin akwatin ma alheri ne, ƙaho ne ya fi bukatar a kula da shi.

Jikinsa ba a yi shi domin hanyar ƙauye ba. Tayoyin roba ne ƙanana, na siminti, a kan tsakuwa ko laka ba sa daɗewa, hannun jan kuma siririn ƙarfe ne da ke lanƙwashewa idan aka ɗaga akwatin da shi. A ɗauke shi ta hannayen gefe. A babur a shimfiɗa katifar soso, a tsayar da shi yadda yake tsayawa a ƙasa, a ɗaure da roba ta sama da ta tsakiya ba tare da robar ta bi ta kan maɓallai ba, domin su ne ke fara karyewa. A sa shi cikin babbar leda tun daga gida ko da gari ya yi garau. Akwai masu jikin katakon garin itace da aka matse, akwai masu jikin roba. Na katakon ya fi daɗin sauti kaɗan, amma da ya sha danshi sai ya kumbura, sukurori su saki. Domin fitar damina na roba za a saya. Bayan kowace doguwar tafiya a buɗe murfin baya a duba wayoyin kan batir, jijjiga na kwance su, kuma akwatin da aka ce "ya mutu a hanya" sau da yawa wannan ce kawai matsalarsa. Idan hadari ya taso da tsawa, a zare caja da wayar fanel.

A shago kada a karɓi wanda ke rufe a kwali ba a gwada ba. A zare shi daga wuta, a kunna shi da batirinsa na akalla minti goma sha biyar da ƙara sama da rabi, a fita da kowane makirfo har bakin titi ana magana, a juya kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar yashi, a gwada filash, memori da Bluetooth ɗaya bayan ɗaya. A tabbatar akwai maɓallin kashe fitilun gaba. A karɓi rasit mai lambar akwatin da sharaɗin canji a rubuce, da sunan ikilisiya ba na wanda aka aika ba. Farashi na bin dala, don haka a zagaya shaguna uku kafin a biya, kuma kwamiti ya sani tun farko cewa batirin waje, fanel, kwanturola, ƙafa da makirfo mai waya na iya cin kuɗin da ya kai na akwatin kansa ko ya fi. Sayayyar a gama ta mako biyu kafin tafiya, a yi amfani da kayan duka a taron addu'a na tsakiyar mako, yadda abin da zai lalace zai nuna kansa tun ana kusa da mai gyara.

Yawancin waɗannan akwatuna ba a ƙauye suke mutuwa ba, a ɗakin ajiyar majami'a suke mutuwa. Ana dawowa a farkon Satumba da batir a ƙare, a jingine shi a lungu, ba a sake tunawa da shi sai lokacin zagayen waƙoƙin Kirsimeti. Batirin dalma da aka bari babu wuta wata uku, farin gishiri ne ke kama faranta na ciki, daga nan ba ya ƙara riƙe caji. A cika shi a ranar da aka dawo, a maimaita sau ɗaya kowane wata, a rubuta ranar a takarda a manna a jikinsa. A cire baturan makirfo don kada su zubo su cinye ƙarfen. A ɗora akwatin a kan benci, a rufe ramin iskarsa da tsumma saboda ɓera da zanzaro. Ko da an kula da shi, batirin ciki yakan nemi canji bayan shekara biyu ko uku. Irin na UPS ne, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta, ana samunsa a wurin masu kayan kwamfuta da na sola, sukurori huɗu da waya biyu ne aikin, a dai auna tsawo da faɗin tsohon kafin a tafi sayen sabo.